Zaɓen Babban Jigo Don Aikin Binciken Ɗalibi: Waiwaye a Kan Tarihin Manhaja

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malamin sakandare kan yi karo da su akwai wannan: idan aka ba ɗalibi damar gudanar da aikin bincike na ƙashin kansa, wanda zai ɗauke shi makonni ko ma zangon karatu guda, a ƙarƙashin wane babban jigo zai yi shi, kuma wa ke da alhakin zaɓen jigon? Manhajojin zamani cike suke da batutuwan da suka shafi duniya baki ɗaya, irin su muhalli da lafiya da zaman lafiya da daidaito tsakanin jama'a. Abu ne mai sauƙi malami ya rubuta ɗaya daga cikinsu a allo, ya ce kowa ya je ya yi bincike. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba irin waɗannan ayyuka: shafuka ne da aka kwafo daga intanet, babu sunan garin ɗalibi a ciki, babu kuma maganar ko mutum ɗaya da ya zauna da shi.

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin al'amarin, daga inda tunanin koyarwa ta hanyar aiki ya faro, zuwa yadda ya shigo ƙasar Hausa, da yadda aka riƙa shigar da batutuwan duniya cikin manhajar da ake tsarawa a nan Sheda. Matsayinmu shi ne, tarihin ya nuna babban jigo yana amfanar ɗalibi ne idan ya zo bayan ɗalibin ya samu tambaya daga muhallinsa. Duk inda aka juya wannan jeri, aka ɗora jigo tukuna sannan aka nemi abin da za a cusa a ƙarƙashinsa, aikin kan koma cika sharaɗi kawai.

2.0 Ma'anar Jigo da Aikin Ƙashin Kai

Kalmar jigo ba baƙuwa ba ce ga malamin Hausa. A fadama, jigo shi ne itacen da mai lambu ke jawo ruwa da shi daga rijiya. A cikin jama'a kuwa, jigo shi ne mutumin da wani al'amari ya dogara a kansa. Daga nan manazarta adabi suka aro kalmar don nufin saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kai, har Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa matakan feɗe waƙa da suka haɗa da gano furucin jigo da kawo jigo a gajarce da kuma warwarar jigo. Abin lura a wannan tsari shi ne, manazarci yana karanta waƙar tukuna kafin ya furta jigonta, kuma dole ya kafa hujja da baitocinta. A wannan maƙala, idan mun ce babban jigo ko jigon duniya, muna nufin batun da ya shafi 'yan'adam ko'ina suke, wanda ɗalibi zai dubi ƙaramin abin da yake bincike ta fuskarsa.

Haka shi ma aikin ƙashin kai yana da tushe a tarbiyyar Bahaushe. A al'adar tsangaya, wanda ya haddace Alƙur'ani yakan keɓe ya rubuta shi da ka, kafin ya cika alaramma. Ɗan koyo a maƙera ko a majema ba ya samun yaye sai ya fitar da aiki daga farko har ƙarshe da hannunsa. Bambancin da makarantar boko ta kawo shi ne, ɗalibi ne ake so ya zaɓi abin da zai yi, ya kuma bayyana dalilin zaɓinsa a rubuce.

3.0 Mafarin Koyarwa ta Hanyar Aiki

A shekarar 1918 William Kilpatrick, malami a Kwalejin Horon Malamai ta Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York a Amurka, ya buga wata maƙala a kan koyarwa ta hanyar aiki, wadda ta yaɗu ƙwarai a duniya. Kilpatrick almajirin John Dewey ne, kuma ginshiƙin ra'ayinsa shi ne niyya: yaro yana koyo sosai idan aikin da yake yi shi ya ƙudurta shi a zuciyarsa. Ba a daɗe ba masu suka suka nuna raunin wannan hanya. Idan sha'awar yaro ce kaɗai ke jan ragama, zai iya shafe wata guda yana ƙera akwati, bai ƙaru da wani ilimi da zai ɗauka zuwa wani wuri ba. Shi kansa Dewey, a littafin da ya fitar a 1938 kan gogewa da ilimi, ya ja kunnen mabiyansa cewa malami ba zai janye hannu ya bar yaro da son ransa ba.

A Tarayyar Sobiyat kuwa an gwada kishiyar wannan. Manhajar da aka fitar a 1923 ta rushe iyakokin darussa, ta tara kome a ƙarƙashin manyan jigogi uku da hukuma ta zaɓa: halitta da ƙwadago da al'umma. Lissafi da karatu da rubutu duk sai an bi ta cikin jigon da aka aza wa makaranta. Daga baya aka ƙara da ayyukan da ɗalibai ke yi a masana'antu da gonaki. A watan Satumba na 1931 Kwamitin Tsakiya na jam'iyya mai mulki ya yi watsi da hanyar, bisa hujjar cewa makarantu ba sa yaye ɗalibai masu cikakken ilimin tushe. Ke nan tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu an riga an ga illoli biyu: aikin da ba shi da jigo kan tsaya ƙarami, jigon da aka ɗora daga sama kuwa kan danne ilimin da ake nema.

4.0 Zamanin Turawa a Arewa

A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun gwamnati na farko a Nasarawa, a bayan ganuwar Kano. An koyar da Hausa, kuma akwai sashen sana'o'in hannu. Shi ne daga baya ya zama sakataren kwamitin ba da shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila, kwamitin da ya fitar da takardar manufa ta 1925, wadda ta nemi a daidaita ilimi da tunani da sana'o'i da al'adun mutanen ƙasa. Wannan takarda ta sha ruwa daga rahoton ayarin Phelps-Stokes da ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921 ƙarƙashin Thomas Jesse Jones. Shi ma Jones yana da nasa manyan jigogi guda huɗu da ya ce a gina ilimi a kansu: lafiya da amfani da muhalli da rayuwar gida da kuma nishaɗi.

A zahiri waɗannan jigogi ba su da aibi. Amma 'yan bokon Afirka da yawa sun ƙi su, domin sun fahimci an zaɓa musu su ne da zimmar su tsaya a gona da ƙauye, alhali ɗan Bature yana karanta tarihin duniya da kimiyya. Darasin da ke nan shi ne, kusantar da karatu ga muhallin yaro zai iya zama shinge idan ba a buɗe masa ƙofa zuwa waje ba.

A wannan zamani ne kuma aka samu misalin da ya fi dacewa da abin da muke nema, ko da yake ba aikin aji ba ne. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Ya fara ne da harin bayi da rabuwar uwa da ɗanta, sai labarin da kansa ya keta Sahara ya kai Arewacin Afirka. Batun bauta batu ne na duniya, amma marubucin ya iso gare shi ta hanyar yaro guda da mahaifiyarsa.

5.0 Daga Taron 1969 Zuwa Sheda

Bayan samun 'yancin kai, ƙorafin da aka fi yi shi ne manhaja ta fi karkata ga Ingila fiye da Nijeriya. Wannan ya sa aka kira Babban Taron Manhaja na Ƙasa a Legas a watan Satumba na 1969, inda aka gayyato har da waɗanda ba malamai ba, irin su manoma da 'yan kasuwa da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata. Daga shawarwarin taron, da bitar da aka yi musu a 1973 ƙarƙashin Cif S. O. Adebo, aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982.

Muhimmin abin da wannan manufa ta kawo game da batunmu shi ne gwaji na a-kai-a-kai. An yanke cewa ba za a rataya makomar yaro ga jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Littafin jagora da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 1985 ya lissafa aikin bincike cikin hanyoyin auna ɗalibi, tare da gwaji da aikin gida da lura da ɗabi'a. A jarrabawar kammala babbar sakandare, wadda aka fara a 1988, an ware kashi 30 cikin 100 na maki ga abin da makaranta ta tara. Ta haka aikin ƙashin kai ya samu gurbi a hukumance. Sai dai manufar ta bar wa malami zaɓin hanyar da zai bi, kuma a ajin da ya cika maƙil gajeren gwaji ya fi sauƙin dubawa fiye da aikin bincike.

A 1988 ne Doka ta 53 ta kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta hanyar haɗe hukumomi huɗu: Majalisar Binciken Ilimi, da Cibiyar Nazarin Kwatanta Ilimi da ke Jami'ar Legas, da Majalisar Bunƙasa Littattafai, da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa. Hedikwatarta tana Sheda, a kan hanyar Lakwaja, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali. Haɗuwar aikin harshe da aikin manhaja a inuwa guda ta yi amfani ga Hausa, domin da tallafin hukumar aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka samu daidaitattun kalmomin nazarin harshe da adabi.

Daga wannan lokaci ne batutuwan duniya suka riƙa kwararowa. An yi taron Jomtien a ƙasar Tailan a 1990 kan ilimi ga kowa, aka sake yin wani a Dakar a 2000, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Muradun Ƙarni guda 8. A gida kuma an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kafa dokarsa a 2004. Dabarar da masu tsara manhaja suka bi ita ce ta cusa sababbin batutuwa cikin darussan da ake da su, maimakon ƙirƙiro wa kowane batu darasinsa. Ta haka ilimin yawan jama'a da muhalli da yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka shiga, haka ma manhajar rayuwar iyali da cutar ƙanjamau ta 2003. Manhajar ilimin tushe ta shekara 9, wadda aka fara koyarwa a watan Satumba na 2008, ta ɗauki irin waɗannan batutuwa da dama. Da aka ga darussa sun yi wa yara yawa, sai aka yi mata kwaskwarima a 2012, aka rage su daga kimanin 20 zuwa 10, aka fara aiki da sabuwar a 2014. A 2015 Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 suka maye gurbin Muradun Ƙarni, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake sanar da wani garambawul na rage nauyin darussa.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga abu biyu. Na farko, jigogin duniya suna sauyawa kusan duk bayan shekara goma ko sha biyar, gwargwadon abin da ya dami manyan taruka. Na biyu, an yi ƙoƙari sosai wajen fayyace batutuwan da malami zai koyar, amma batun yadda ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga cikinsu ya gina nasa binciken a kai ya rage a hannun malami. Wannan giɓi ne ya kamata mu cike.

6.0 Abin da Tsarin IB Ya Gwada

Akwai wata ƙungiyar ilimi ta ƙasa da ƙasa da aka fi sani da IB, wadda aka kafa a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan a 1968, kuma wasu makarantu masu zaman kansu a Nijeriya suna bin tsarinta. Ta daɗe tana fama da ainihin tambayar da muka ɗauko, don haka tarihinta yana da amfani gare mu. A 1994 ta ƙaddamar da shiri na 'yan shekara 11 zuwa 16, wanda ɗalibi ke rufewa da aikin ƙashin kansa a shekara ta biyar, ƙarƙashin kulawar malami guda. Da farko an buƙaci ya danganta aikin da fagage biyar: dabarun koyo, da hidimar al'umma, da hikimar ɗan'adam, da muhalli, da lafiya da zamantakewa.

A 2014 aka sauya waɗannan da jigogin duniya guda 6: sanin kai da dangantaka da mutane, matsayin ɗan'adam a wuri da zamani, bayyana kai da al'ada, ƙirƙira a kimiyya da fasaha, dunƙulewar duniya da ɗorewar albarkatu, sai adalci da ci gaba. An umurci ɗalibi ya zaɓi guda ɗaya tak, ya bayyana yadda ya fayyace manufar aikinsa, kuma ana ba da maki a kan haka. Amma a jagorar da ƙungiyar ta fitar a 2021, an cire wannan sharaɗi daga ma'aunin maki. Aka mayar da mafarin aiki ga sha'awar ɗalibi da abin da yake so ya koya da abin da zai samar, aka kuma rage ma'aunan daga huɗu zuwa uku. Jigogin sun ci gaba da aiki wajen tsara darussa, amma ba a ƙara tilasta wa ɗalibi ya rataya ɗaya a wuyan aikinsa ba.

A fahimtarmu wannan sauyi bai nuna jigo ba shi da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne, da zarar an mayar da ambaton jigo abin ba da maki, ɗalibi zai koyi ambatonsa ko da bai yi aiki da shi ba. Amfanin jigo na haƙiƙa yana wajen taimaka wa ɗalibi ya yanke abin da zai bincika da abin da zai bari.

7.0 Misali Daga Kwali

Don a ga yadda hakan ke aiki, bari mu ɗauki misali daga maƙwabtanmu. Garin Kwali, wanda ba shi da nisa da Sheda, shi ne mahaifar Ladi Kwali, fitacciyar maginiyar tukwane ta al'ummar Gbagyi, wadda aka haifa wajen 1925. Ta koyi ginin tukwane da hannu a wurin gwaggonta, tana ƙawata su da zanen ƙadangaru da kunamu da kifaye da tsuntsaye. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta a fada, kuma a can Michael Cardew, Baturen Ingila, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko a wurin. An nuna ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma tun 2007 hotonta yana bayan takardar naira 20.

A ce wata ɗaliba ta lura randar kakarta tana sanyaya ruwa, amma an daina sayen randa a unguwarsu, kowa ya koma ga roba. Wannan ita ce tambayarta, kuma daga gida ta samo ta. Yanzu ne jigo zai yi aiki, domin hanya ta rabu uku a gabanta.

Idan ta zaɓi jigon kimiyya da fasaha, za ta bincika dalilin sanyin. Randa tana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Za ta auna zafin ruwa a randa da a bokitin roba safe da rana har tsawon mako biyu. Za ta gano cewa tukwanen da Ladi Kwali ta riƙa yi a cibiyar Cardew, da yake an shafa musu ƙyalli an gasa su da wuta mai tsanani, kafofinsu sun toshe kuma sun yi nauyi, sai suka tashi daga kayan ɗaki suka koma kayan ado. Za ta kuma ci karo da Malam Muhammad Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Idan kuwa ta zaɓi jigon bayyana kai da al'ada, ma'aunin zafi ba zai yi mata amfani ba. Za ta tattara sunayen tukwane, irin su randa da tulu da kasko da shantali da asusu, da aikin kowanne, da karin maganar da suka fito a ciki, ta kwatanta da sunayensu a harshen Gbagyi. Idan kuma jigon adalci da ci gaba ta ɗauka, sai ta nufi kasuwa ta tambayi maginan tukwane nawa suke samu, su wa ke sayen kayansu, kuma ko 'ya'yansu suna koyon sana'ar.

Randa ɗaya ce, amma kowane jigo ya kai ɗalibar ga mutane daban da hujjoji daban da kalmomi daban. Da an fara ce mata ta rubuta a kan dunƙulewar duniya, da wuya randar kakarta ta faɗo mata a rai. Haka abin yake ga ɗalibin Kano da ke wucewa ta marinar Ƙofar Mata kullum, wanda tambayarsa kan baba za ta iya kai shi ga bayanin Heinrich Barth kan cinikin tufafin Kano a 1851, da shuɗin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Haka kuma ɗalibin Katsina da ya tambayi dalilin da manoma ke barin gawo a gona zai iya isa ga yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da itatuwa a miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980.

8.0 Shawarwari ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

Bisa wannan tarihi muna ba da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, tambaya ta riga jigo. A ba ɗalibi mako guda ko biyu ya kawo abubuwa uku da ya gani da idonsa yake son sanin dalilinsu, sannan a zauna da shi a zaɓi guda, kafin a buɗe jerin jigogi.

Na biyu, jigo ɗaya ya isa. Hanyar gane ko jigon ya dace ita ce a tambayi ɗalibi: wa za ka je ka tambaya, kuma me za ka bari saboda wannan jigo? Idan amsarsa ba za ta sauya ba ko da an musanya jigon da wani, to jigon ado ne kawai.

Na uku, hujja ta kasance inda ƙafar ɗalibi za ta kai, ba tare da kashe kuɗi ko shiga haɗari ba. Jigogi irin su rikici da cututtuka suna buƙatar taka-tsantsan, kuma kada a tura yaro tambayar abin da zai tona asirin wani gida.

Na huɗu, kada a ba da maki don an ambaci jigo. A ba da shi ga ingancin tambaya, da hujjojin da ɗalibi ya tattara da kansa, da sakin layi ɗaya ko biyu da ya kwatanta abin da ya gano da abin da ya faru a wata ƙasa. Nan ne ake ganin ko jigon ya yi aiki.

Na biyar, jerin jigogin da za a sa a manhaja ya zama gajere, kuma a furta su da Hausar da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai gane. Tun da jigogin manyan taruka suna sauyawa, ya fi kyau a zaɓi masu daɗewa, irin su abinci da ruwa da sana'a da ƙaura da mulki da harshe, waɗanda kowane sabon muradi zai samu gurbi a cikinsu.

Na shida, a bar ɗalibi ya yi hirarsa ya kuma rubuta rahotonsa da Hausa, tare da jerin sababbin kalmomin da ya tsinta. Wannan ya ƙara muhimmanci ganin cewa manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, wadda aka amince da ita a 2022, an sanar da soke ta a watan Nuwamba na 2025. Darasin Hausa yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaro zai yi bincike da harshen da tsofaffin garinsu za su amsa masa da shi.

9.0 Kammalawa

Mun bi sawun wannan al'amari daga maƙalar Kilpatrick ta 1918, zuwa gwajin Sobiyat da aka rushe a 1931, da manufar Turawa ta 1925, da taron 1969, da manhajojin da suka fito daga Sheda, har zuwa sauyin da IB ta yi a 2021. A duk waɗannan matakai matsalar ɗaya ce, wato yadda za a haɗa abin da yaro ya sani da abin da ya shafi duniya ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Malamin Hausa yana da sa'a a nan, domin ya riga ya saba da ƙa'idar cewa ana karanta waƙa kafin a furta jigonta, kuma ana warware jigo da hujja daga cikin matani. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan ƙa'ida daga darasin adabi a kai ta ga aikin bincike, a kuma shigar da ita cikin jagoran malami da kwasa-kwasan kwalejojin ilimi. Muna kuma ganin akwai buƙatar a gwada waɗannan shawarwari a wasu zaɓaɓɓun makarantu na birni da na karkara har tsawon shekarar karatu guda, a tattara ayyukan ɗaliban a nazarce su, kafin a sa su cikin manhaja.